Wa Ke Riƙe Da Mudun Lokaci?

Duk wanda ya san kasuwar Nima ranar Laraba ya san ba a sayar da wake ko gero ko masara da ka. Akwai gwangwanin awo da ake kira olonka, wanda yake a matsayin mudu ko tiya a ƙasar Hausa. Mai saye yana tsaye ake cika shi, idonsa a kan bakin gwangwanin, in kuwa ya ga an lotsa gindinsa sai ya yi magana nan take. Babu mai hatsin da take jin an ci mutuncinta don an ce ta auna a gaban mai saye. Kowa ya yarda cewa awo shi ne zaman lafiyar ciniki.

Amma akwai wata haja da ake saye da sayarwa kullum a Nima da Maamobi ba tare da awo ba, ita ce lokacin mutum. A ɗauki yaro aikin shago, a gaya masa abin da za a ba shi a ƙarshen wata, a gaya masa ƙarfe nawa zai zo da safe. In ya tambayi ƙarfe nawa zai tashi, amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Sai mun rufe." Tambayar da nake so mu tattauna ke nan, ya kai mai karatu: shin wajibi ne a kan wanda ya ɗauki mutum aiki ya ƙidaya awanninsa ya rubuta, ko kuwa yin hakan ɗabi'ar Turawa ce da ke ɓata amana tsakanin maigida da yaronsa? Ni ra'ayina wajibi ne, kuma zan kawo dalilaina tare da hujjojin waɗanda ba su yarda da ni ba, domin hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Bari mu fara da abin da hukuma ta tanada. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 24, ya ba kowane ma'aikaci haƙƙin hutu, da iyakance awannin aiki daidai gwargwado, da hutun da ake biyansa. Sai Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta zo ta fayyace. Sashe na 33 ya ce aiki kada ya wuce awa 8 a rana ko awa 40 a mako, sai a wuraren da dokar da kanta ta keɓe. Abin da ya haura wannan aikin ƙarin lokaci ne, kuma sashe na 35 ya hana a sa ma'aikaci yin sa in wurin aikin bai riga ya yanke kuɗin da ake biya a kansa ba. Dokar ba ta faɗi adadin kuɗin ba, ta bar wa ɓangarorin biyu su daidaita, amma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin yanke shi tun kafin a fara. Akwai hutun aƙalla minti 30 a tsakiyar aiki, da hutun awa 12 a jere tsakanin tashin yau da shigar gobe, da hutun awa 48 a jere cikin kowane kwana bakwai, da hutun shekara na kwanakin aiki 15 da cikakken albashi. In rigima ta taso, akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da dokar ta kafa domin sauraren ƙorafi.

Wannan shi ne abin da ke takarda. Yanzu mu fito titi. Da magariba za ka ga maza suna fita daga lungunan Nima da 'yar jakarsu da tocila, sun nufi Kanda da Cantonments da unguwar filin jirgi, za su kwana gadin gidaje da ofisoshi. Wannan tsohuwar sana'a ce a gare mu. Tun da Malam Amadu Futa ya sami wannan fili daga hannun mutanen Osu a farkon shekarun 1930, Nima ta cika da baƙi daga Arewa da ƙasashen maƙwabta, da tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, kuma da yawansu da gadi da kuku da leburanci suka gina ɗakunan da aka haife mu a ciki. Mai gadin da ke shiga ƙarfe shida na yamma ya tashi shida na safe yana yin awa 12. In yana hutun kwana ɗaya a mako, ya yi awa 72, wato ya haura abin da doka ta yanke da awa 32. In ba ya hutu ko kaɗan, awa 84 ke nan, ninki biyu da ɗoriya.

Mu ɗan yi lissafi, don lissafi ba ya jin kunyar kowa. A shekarar 2025 mafi ƙarancin ladan yini a Ghana sidi 19 ne da pesewa 97. In ka raba shi gida takwas, kowace awa ta tashi kusan sidi biyu da rabi. In aka riƙe mutum awa 12 a kan wannan kuɗin, awarsa ta faɗo zuwa kusan sidi ɗaya da pesewa 66. An zabge masa kashi ɗaya cikin uku na farashin hajarsa ba tare da an taɓa aljihunsa ba. Shi ya sa nake cewa albashin da ba a faɗi awanninsa ba rabin magana ne. Kamar a ce maka buhu kaza ne, a ƙi gaya maka girman buhun.

Ba masu gadi kaɗai ba ne. Yarinyar da ke taya mai koko da ƙosai tana tashi tun kafin kiran sallar farko. Mai taya dafa waakye tana kan murhu tun dare bai gama tsalawa ba, ta wuni tana zuba wa mutane, sannan ta wanke tukwane. Yaron trotro yana rataye a ƙofar mota daga asuba har bayan isha. 'Yan koyon ɗinki, idan Sallah ta matso, kwana suke a kan keke. Ita kanta dokar ta bar wasu a waje, domin sashe na 44 ya cire masu aikin jinga da masu aikatau a gidajen mutane daga ƙa'idar awa takwas da ta hutu. Sai a 2020 aka fitar da ƙa'idoji na musamman domin masu aikatau, waɗanda suka nemi a rubuta yarjejeniya kuma a ba su hutu. Mafi yawan mutanenmu kuwa suna aiki ne a inda jami'in ƙwadago bai taɓa leƙawa ba. Don haka a zango, maganar awannin aiki ta fi zama tsakanin mutum da zuciyarsa fiye da tsakaninsa da kotu.

To, me mutum yake saye idan ya ɗauki wani aiki? Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabe iri biyu. Akwai wanda ka yi jinga da shi a kan wani aiki sananne, kamar telan da ka kai wa yadi. Ba ruwanka da ko da rana ya ɗinka ko da dare, kai dai rigarka. Akwai kuma wanda ka ɗauka a kan lokaci, kamar yaron shago ko mai gadi. Shi lokacinsa ka saya, ko ciniki ya zo ko bai zo ba, muddin ya zauna ya cancanci ladansa. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun sharɗanta cewa a cikin ijara dole lada ya zama sananne, abin da aka yi ijarar a kansa shi ma ya zama sananne, domin jahilci a cikin ciniki ƙofar cuta ce. Ko a ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, da ke cikin Suratul Ƙasas, wa'adin aikin a fili yake: shekara takwas ce ta wajibi, cika ta goma kuwa ganin damarsa ne. An raba tsakanin abin da ake bin ma'aikaci da abin da zai ƙara don kansa.

"Sai mun rufe" tana rushe wannan rabon. Wanda bai san lokacin tashinsa ba, bai mallaki ko awa ɗaya ta yininsa ba, har da awannin da a ƙarshe za a sake shi. Ba zai iya yi wa malamin makarantar dare alƙawari ba. Ba zai iya shiga ajin koyon gyaran waya ko na kwamfuta ba. Ba za ta iya ce wa mahaifiyarta za ta raka ta asibiti ƙarfe biyar ba. Kuɗi in sun tafi suna iya dawowa, amma yammacin da ya wuce ya wuce ke nan. Abin da ma'aikaci ke miƙawa yanki ne na kwanakinsa na duniya, kuma abu mai irin wannan tsada bai kamata a ɗebe shi da ka ba.

Hujja ta farko da ake kawo mini ita ce ta zumunci, kuma ita ce mafi ƙarfi. Na taɓa tayar da maganar a gaban wata Hajiya mai sayar da abinci, wadda nake girmamawa ƙwarai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, waɗannan yaran 'ya'yana ne. Abin da na ci shi suke ci. Wadda ta yi ciwo ni ke kai ta asibiti. Biyu daga cikinsu ni na yi musu kayan ɗaki. Yanzu kana so in ajiye musu littafi kamar kamfani?" Na ce, "Hajiya, Allah Ya saka da alheri, babu mai musun wannan. Amma in yarinya ta bar ki yau, me za ta ce tana bin ki?" Ta ce, "Ai ba ta bina komai, ni ce ma nake binta."

Abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, kuma a kansa aka gina zango. Baƙo ya sauka a gidan maigida, a ba shi ɗaki da tuwo, ya yi hidima, wata rana a ba shi jari ko a yi masa aure. Fataken goro da dillalan shanu sun rayu a kan wannan tsari daga Salaga zuwa Kumasi zuwa Akra, kuma ya rufa wa dubban mutane asiri a lokacin da babu wata hukuma da ta san da su. Duk wanda ya raina shi bai san tarihinmu ba.

Sai dai amsarta ta ƙarshe ita ce ta nuna inda gizo ke saƙa. Kyauta tana hannun mai bayarwa, ya ga dama ya yi, ya ga dama ya fasa. Haƙƙi kuwa yana hannun mai karɓa, yana iya tambayarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Idan aka cakuɗa su, sai ma'aikaci ya wayi gari kullum shi ake bi bashin godiya, alhali ba a taɓa lissafa abin da shi ya bayar ba. Wataƙila in an lissafa, kayan ɗakin sun fi awannin da yarinyar ta ƙara. Wataƙila kuma ba su kai rabinsu ba. Babu wanda ya sani, har ita Hajiyar, kuma rashin sanin kullum mai ƙarfi yake yi wa amfani. Maigida nagari ba ya asarar komai in an rubuta, hasali ma sai alherinsa ya fito fili a matsayin alheri tsantsa, tunda an ga ya biya haƙƙi sannan ya ƙara. Wanda rubutu ke tona wa asiri shi ne wanda yake fakewa da "ɗana ne" yana cin guminsa. Mu tuna kuma cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma da muminai take magana, mutanen da suka yarda da juna. Da rubutu zargi ne, da ba a umarce su da shi ba.

Hujja ta biyu daga ɗaya ɓangaren take fitowa. Matasan da ke aiki a kamfanoni da manyan kantuna sukan ce mini, "Yaya, kai ba ka san na'urar dangwala yatsa ba ne. Agogo ba abokin talaka ba ne." Su ma suna da gaskiyarsu. Tun da Willard Bundy ya ƙirƙiro agogon rubuta lokacin aikin ma'aikata a Amurka wajen 1890, masu masana'antu suka karɓe shi hannu bibbiyu domin kama masu latti. Kafin nan ma, masanin tarihi E. P. Thompson, a wata maƙala da ya wallafa a 1967, ya kawo shaidar ma'aikatan masaƙu a Birtaniya da ke cewa akan tura agogon masana'anta gaba da safe a mayar da shi baya da yamma, kuma akan hana ma'aikaci riƙe agogon kansa. Wani ƙanena da ya yi aiki a wani babban kanti ya ba ni labarin irin wannan a zamaninmu: in ya makara da minti goma na'ura ta rubuta, a yanke masa kuɗi a ƙarshen wata. In an riƙe shi awa biyu bayan tashi ana ƙirga kaya, babu inda ake dangwala wannan.

Wannan agogo mai ido ɗaya ne, yana ganin shiga ba ya ganin fita. Shi ne ainihin halin da Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi a kansa, mutum ya riƙe mudu biyu, babba na karɓa da ƙarami na bayarwa. Amma maganin mudun da aka lotsa shi ne a kawo mai kyau, ba a daina awo ba. Ma'aikatan duniya da suka yi gwagwarmaya ba su nemi a fasa agogo ba, sun nemi a sa masa iyaka ne. A kan neman awa takwas aka yi yajin aikin Chicago a watan Mayun 1886, wanda daga gare shi ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ta samo asali. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 a kan awannin aiki take, awa 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. A ranar 14 ga Mayun 2019 kuma, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da wata ƙungiyar ƙwadago ta Sifaniya ta kai bankin Deutsche Bank, cewa dole ƙasashen tarayyar su wajabta wa masu ɗaukar aiki tsarin auna awannin kowane ma'aikaci a kullum. Dalilin kotun shi ne abin da kowane yaron shago a Maamobi ya sani: ma'aikaci shi ne mai rauni a cikin yarjejeniyar, kuma in babu rubutu, da wuya ya iya tabbatar da awannin da ya yi.

Saboda haka ina ganin akwai sharuɗɗa uku da ke raba awo na adalci da na zalunci. Na farko, ya ƙirga bakin biyu, shiga da fita. Na biyu, ma'aikaci ya iya ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma iya cewa an yi kuskure. Na uku, awon ya tsaya a kan lokacin aiki, kada ya bi mutum har gida. Wannan na ukun yana ƙara muhimmanci yanzu da waya ta zama igiya. Maigida ya turo saƙon WhatsApp ƙarfe goma na dare, yaro ya tashi ya amsa, ba a ƙirga wannan a ko'ina. Faransa ta ga wannan matsala har ta sa a dokarta, tun daga 2017, cewa ma'aikaci yana da haƙƙin kashe na'urorin aiki bayan tashi. A nan gida ma, Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2012, mai lamba 843, tana nan domin tuna wa mai karɓar zanen yatsan ma'aikata cewa amana ya karɓa.

Hujja ta uku ita ce ta talauci. Mai ƙaramin shago zai ce ribar ba ta kai ya ɗauki mutum biyu ba, ga kuɗin haya, ga na wuta, ga haraji. Zai ƙara da cewa shi kansa ya fi yaron daɗewa a shagon. Sau da yawa ma'aikacin ma shi ke roƙon a bar shi ya ƙara awanni don ya ƙara samu. Ba na musun ko ɗaya. Doka ma ba ta hana ƙarin lokaci ba, cewa ta yi a biya shi. Amma akwai bambanci tsakanin doguwar ranar mai shago da ta yaronsa. Mai shago in ya kai sha biyun dare, jarinsa yake ginawa, ribar tasa ce, shagon nasa ne, 'ya'yansa za su gada. Yaron in ya kai sha biyun dare a kan albashin da bai canja ba, jarin wani yake ginawa. Sana'ar da ba za ta tsaya ba sai da awannin da ba a biya ba, to akwai mai zuba mata jari a ɓoye, kuma shi ne mafi talauci a cikin shagon.

Jiki ma yana da nasa littafin, ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ce mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Mai gadinmu mai awa 72 ya wuce wannan layin da nisa. Direban da ya yi awa goma sha biyar a kan sitiyari kuwa ba ransa kaɗai ya ɗauko ba. Idan irin waɗannan suka faɗi, cewa muke kwana ya ƙare, kuma haka ne, amma sanin cewa ajali na hannun Allah bai taɓa wanke wanda ya ɗora wa bawan Allah abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Adalci ya sa in juyo kan ma'aikaci, don mudu in na gaskiya ne kowa yake aunawa. Wanda ya sayar da awa takwas ya ba da biyar, shi ma ya tauye awo. Mun san masu sa hannu a rajista a madadin abokinsu da bai zo ba. Mun san wanda zai ce ya tafi sallar azahar, sallar da ba ta wuce minti goma sha biyar, ya dawo bayan awa ɗaya da rabi ya biya ta majalisar shayi. Mun san ma'aikacin ofis da jama'a ke layi a gabansa yana kallon Facebook. Irin wannan yana cutar wanda ya ɗauke shi, yana kuma ɓata wa 'yan uwansa suna, har wani mai kamfani ya riƙa ɗari-ɗari da ɗaukar ɗan zango don tsoron "zan je masallaci". Rubutu yana kare mu daga wannan ma. In an zauna tun farko an ce ga lokacin azahar da la'asar, ga na Juma'a, ga yadda za a rama in ya haura hutun da doka ta bayar, sallah ta fita daga abin da ake roƙo ko ake sata, ta koma abin da aka yi yarjejeniya a kansa.

Me nake nema a aikace? Ba na cewa mai koko ta sayi na'ura, ko kowane shago a kan babban titin Nima ya koma awa 40 gobe da safe. Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba: littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. A ja layi uku, kwanan wata, lokacin shiga, lokacin tashi. Ma'aikaci ya rubuta da hannunsa, in bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko a rubuta a gabansa, maigida ya duba a ƙarshen mako. Ranar da za a ɗauki mutum a gaya masa abu huɗu a gaban shaida: ƙarfe nawa zai zo, ƙarfe nawa zai tashi, wace rana ce ta hutunsa, nawa ne kuɗin kowace awa da ta haura. In aikin zai kai wata shida, doka ta ce a rubuta yarjejeniyar, kuma ta ce mai ɗaukar aiki ya ajiye bayanin ranar da ya ɗauki mutum da hutun shekarar da ya ba shi. Ga 'yan koyon sana'a, masta ko madam su tuna cewa Dokar Yara ta 1998 ta hana sa yaro aikin dare daga ƙarfe takwas zuwa shida na safe, ko da Sallah saura kwana biyu.

Na san abin da zai faru a makon farko. Maigida zai tara lissafin ya ga 70 ko 80, ya yi shiru. Wannan shirun nake nema. Daga nan wani zai ƙara kuɗi, wani zai ba da ranar hutu, wani zai raba aikin gida biyu, wani kuma zai rufe littafin ya jefa ƙarƙashin kanta. Amma ko shi na ƙarshen ya riga ya sani, kuma wanda ya sani hukuncinsa daban yake da na wanda bai sani ba.

Maganar tana ƙara zama ta gaggawa yanzu. A 2025 gwamnatin Shugaba John Dramani Mahama ta ƙaddamar da shirin tattalin arziki na awa 24, inda ake so masana'antu da ma'aikatu su riƙa aiki dare da rana. Nima ba baƙuwar wannan ba ce, mu da ma garinmu ba ya barci. Abin lura shi ne yadda za a raba awa 24 ɗin. In an raba su uku, mutum uku sun sami aiki, kowa ya koma gida da sauran ƙarfinsa. In an raba su biyu, mutum biyu sun gaji, na uku yana zaune a majalisa ba aikin yi. Ba a iya gane wanne ake yi sai an duba rubutun shiga da fita, kuma 'ya'yanmu ne za su fi yawa a layin dare.

Da yawa daga cikinmu da ke karanta wannan muna tsaye ne a ɓangarorin biyu. Da safe muna ƙarƙashin wani, muna ƙorafin an riƙe mu bayan tashi. Da yamma mu dawo gida, akwai yarinyar da ke mana wanke-wanke tun asuba, ko yaron da ke tsare mana shago, kuma ba mu taɓa tambayar kanmu awa nawa suka yi yau ba. Kafin mu nemi hukuma ta aiko jami'anta, kowannenmu ya ɗauki biro a daren nan ya lissafa wa wanda ke ƙarƙashinsa awannin makon da ya wuce, ya raba abin da yake ba shi a kansu, sannan ya tambayi kansa ko shi zai yarda ya sayar da awarsa a wannan farashin. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu tun muna da halin saukewa.